Lambun Gindin Tsamiya

Ana kiran sallar magariba a unguwar Zariya, Maiwada na zaune tsakar gida da kwamfuta bisa cinya, ɗiyarsa Zuliha na wanke kwanoni tana rera waƙar da ta tsara da yammacin nan. Haka take tun tana ƙarama, bakinta ba ya hutawa.

Shi ke riƙe da shafin intanet na koperatif, ƙungiyar masu lambu a Jiratawa, kuma ya tsara shi yadda ransa ke so. Manoma dubawa kawai suke iya yi. Sakatare yana iya gyara abin da ke ciki. Buɗe sabon lambu kuwa, wannan izini kansa kaɗai ya bar wa, don yana jin daɗin ganin dattawa tsugune ƙofar gidansa suna roƙo.

Ran nan sai ya ga sabon lambu a shafin. Gindin Tsamiya, babu sunan mai shi. Ya san wurin sarai: wata kusurwa ce bayan magudanar ruwa da manoma ke kauce wa tun kaka da kakanni, shi kuwa ya riga ya sa mata ido don ya shuka zogale. Ya yi tsaki, ya goge.

Dutse ya faɗo bisa rufin kwano. Kaji suka yi tsit. Tasalla, matarsa, ta leƙa waje, babu kowa a lungun.

Kullum magariba lambun ya dawo, kullum ya goge, duwatsun kuma suna ƙara girma. Ya canza kalmar sirri, ya zagi sakatare har mutumin ya yi ƙwalla, ya kuma tura ma'aikata suka sare rassan tsamiyar. A ranar ce Zuliha ta yanke waƙa a tsakiya, ta faɗi bakin randa, idanunta a kafe.

Tasalla ce ta tafi Tsibiri ta zo da Malam Tanimu, tsoho mai ruƙiyya. Ya zauna kusa da kan yarinyar yana karatu a hankali, har duhu ya fara rufe katanga. Sannan bakinta ya buɗe da wata murya mai kauri, kamar daga cikin rijiya.

"Wa ke nan?" in ji Malam.

"Masu wurin ne. Muna nan tun ba a haƙa magudana ba. Mun ga yanzu abin da bai cikin akwatin mutumin ga, to bai duniya. Sai muka rubuta gidanmu don a bar muna shi. Ya goge."

"Mi kuke so ku hita?"

"Shi buɗe da hannunai, da sunanmu. Shi ke nan."

Malam ya dubi Maiwada. Tasalla ta kama ƙafarsa tana kuka. "Maigida, don Allah ka ba su. Ɗiyarka ce kwance."

Wallahi abin takaici, mutumin nan ko a gaban ɗiyarsa sai da ya yi ciniki. Ya tuna zogalen, ya tuna cewa bai taɓa sakar wa kowa wannan izini ba. Ya gyara murya.

"Buɗe lambu ba a ba kowa. Amma ina ba su izinin dubawa, kamar sauran."

"Maiwada, ka ji tsoron Allah," in ji Malam.

Muryar ta yi dariya, doguwa, a bakin yarinyar. "Mun karɓa. Abin da ya ba mu, shi muka bar mai."

Iska ta kaɗa labulen ɗaki. Zuliha ta yi atishawa, ta tashi zaune. Duwatsu ba su sake faɗowa ba.

Tana gani, tana ji, tana ci in an ba ta. In an tambaye ta, takan ce i ko a'a. Amma tun daga ranar ba ta sake fara magana da kanta ba, ba ta nemi ko ruwa ba, waƙa kuwa ko baiti ɗaya. Malam ya dawo ya yi karatu, ya ce babu kowa a jikinta da zai kora.

Maiwada ya bar zancen zogale. Kullum magariba yakan buɗe kwamfuta, ya rubuta Gindin Tsamiya don ya buɗe wa masu wurin lambunsu, ya danna. Shafin da ya gina da kansa ya amsa masa cewa ba shi da izini. Sai ya rufe, ya matsa kusa da Zuliha, yana jira ko za ta ce Baba ba tare da an tambaye ta ba. Ita kuwa tana ta dubansa.