Layi na Arba'in da Ɗaya

"Mama, me ya sa kakar nan take shinshina burodi amma ba ta ci?" in ji Nayra.

Mahaifiyarta Delfina ta ce mata ta je ta kwanta. Daren tunawa da matattu ne a garin El Alto, ba a korar baƙo, shi ya sa ta bar tsohuwar ta shigo. Ta koma kan kwamfuta, ta rubuta R, sunan manhajar lissafi, a baƙin allon umarni, ta kira jerin yaran da suka rasu bana a asibitin da take aiki. Arba'in ne, ta sani.

Arba'in da ɗaya suka fito. Layin ƙarshe sunan Nayra ne, da kwanan watan gobe.

Ta rubuta q() za ta fita. R ya tambaya ko a adana aikin.

"Ce masa e, 'yata," in ji tsohuwar daga bayanta. "An riga an rubuta."

"Ba dai da hannuna ba, Iya. Nemi wani magatakardan."

Ta danna n, wato a'a, ta juya. Duk tsananin sanyin nan, bakin tsohuwar ba ya fitar da tururin numfashi.

Kai mai karatu, kada ka kuskura ka adana abin da ba kai ka shigar ba.