Ranar da Gwaggo Nabbosa Ta Shiga Da'ira

Nakyanzi na durƙushe tana ɓare matoke, ɗanyar ayabar da ake dafawa, a tsakar gidan gwaggonta da ke Kawempe, hawaye na ɗiga cikin kwanon.

"Gishirin miya ya isa, ba sai kin ƙara da na idonki ba," in ji Gwaggo Nabbosa. "Na gaya miki, ba zan buɗe wa ɗan wasa ƙofata ba."

"Gwaggo, Mukiibi malami ne fa. Koyar da komedi yake yi."

"Koyar da shashanci dai! Marigayi mijina ma haka yake. Ba bikin da za a yi a Kampala bai sa mutane sun riƙe ciki ba, amma in ya dawo gida ko sannu ba na samu. Mai raba dariya a waje, matarsa kuka take tarawa."

Nakyanzi ta ci gaba da ɓare matoken. Ta san a al'adarsu idan gwaggo ba ta karɓi saurayi ta kai maganarsa gaban uba ba, to babu aure. Ƙawayenta na ta zuga ta wai ta tattara ta koma ɗakinsa kawai, zamani ya canza. Ta ƙi. Shi ma Mukiibi cewa ya yi, "Bebi, matar da ta rene ki ba a tsallake ta. Mu jira." Haka damina ta zo ta wuce, ko fuskar Gwaggo bai taɓa gani ba.

Wata Asabar da hantsi Gwaggo ta sha gomesinta, doguwar rigar nan mai ɗamara, ta hau babur ɗin haya na boda-boda, ta ƙudura sai ta je ta raba Mukiibi da yarinyarta a gaban ɗalibansa. Ta tarar da su a zauren bayan coci sun yi da'ira, har da nas-nas da wani tsohon direba, suna miƙa wa juna tafi: wannan ya tafa wa na kusa da shi, shi ma ya juya ya tafa wa na gaba. Wata yarinya mai in'ina ta rikice ta rufe fuska. Mukiibi ya ɗaga hannu, duk suka yi mata guɗa.

"A nan wanda ya yi kuskure shi ne gwani," ya ce. "Ba a yi wa mutum dariya, tare da shi ake yi." Sai ya hango Gwaggo. "Mama, sabuwar ɗaliba ce? Shigo mana."

Kafin ta buɗe baki, direban ya ja ta cikin da'ira. Aka yi wasan madubi, duk abin da ta yi sai direban ya kwaikwaya. Ta harare shi, ya harare ta. Ta murguɗa baki, ya murguɗa nasa har gashin bakinsa ya karkace. Da ƙyar ta danne dariya.

"Yanzu ni da Mama," in ji Mukiibi. "Dokar wannan wasan: duk abin da abokinka ya faɗa ba musu, ka karɓa ka ɗora. Fara, Mama."

Ta gyara tsayuwa. "Ni ce gwaggon yarinyar da kake so, kuma ba za ka same ta ba."

"Kun ga gwana?" ya ce wa ɗalibai, sannan ya rusuna. "Na ji, Gwaggo, kuma zan zauna a ƙofar gidanki har in yi saiwa."

"Ina da kare mai cizo."

"Madalla, shi zan fara kai wa gaisuwa. Wane irin ƙashi yake so?"

Zauren ya kaure da dariya. Gwaggo ba ta yi ba. Muryarta ta sauka. "Ranar da ka dawo gida dariyar ta ƙare maka, ita kuma tana cikin damuwa fa?"

Mukiibi ya dube ta, shi ma ya bar wasa. "Sai in zauna in saurare ta. Abin da nake koyarwa ke nan, Mama. Wanda bai iya sauraro ba, ba ya iya wannan wasan."

Daidai nan Nakyanzi ta shigo da kular abincinsa. Tana ganin Gwaggo ta zube a ƙasa. "Gwaggo? Me kike yi a nan?"

Mukiibi ya dubi wannan ya dubi waccan, sai ya durƙusa. "Gwaggo... ta gaske? Sori, wallahi sori, maganar karen nan..."

Sai dariyar da Gwaggo ke dannewa ta ƙwace, ta yi ta yi har tana share ido da bakin ɗamararta. "Tashi, ɗan banza. Ka zo ranar Lahadi da manyanka. Ba ni da kare, amma uban yarinyar nan ya fi kare cizo. Bar ni da shi."

Da aka zo biki, ita ta riƙo hannun ango ta nuna shi ga dangi, tana rangaji kamar ita ce amaryar.

Da Nakyanzi ta bi zugar ƙawaye, da ta sami miji ta rasa uwa. Haƙuri ya haɗa mata duka biyun. Gwaggo kuwa har yau tana gaya wa iyaye mata kada su ɗora wa yaron yau laifin mijin jiya, su je su gani da idonsu tukuna.