Yarinyar da Ta Tsayar da Layin Kaza

A garin El Progreso akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya. Taurin kai gare ta. In ta ce a'a, to magana ta ƙare.

Ran Lahadi bayan coci, kakarta, Kaka Eulalia, tana soya kaza da ɗanyar ayaba. Ta ce wa yarinyar ta yanka kabeji.

Yarinyar ta jawo katakon da aka yanka ɗanyar kaza a kai, ta goge shi da tsumma.

"Ke, wanke shi da sabulu tukuna," in ji Kaka.

"Kaka, ai na goge. Duba, fes yake."

"Akwai dattin da ido ba ya gani."

"Abin da ban gani ba, ban yarda da shi ba!"

Kaka ta juya wajen suya. Yarinyar ta yanka kabejinta a kan katakon.

Ƙanenta Wilmer, ɗan shekara huɗu, shi ya fi kowa cin kabejin. Ran Talata ya tashi da zazzaɓi da gudawa. Aka kai shi asibiti, aka sa masa ƙarin ruwa. Ko sunan yayarsa bai iya kira ba.

Likita ta tambayi abin da ya ci. Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Ni ce," ta ce. "Na ƙi wanke katakon kaza."

Likita ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ɗanyar kaza takan ɗauki ƙwayoyin cuta. In wuta ta ratsa naman har ciki, sai su mutu. Amma kabeji ai bai ga wuta ba."

Bayan kwana biyar Wilmer ya warke. Ya dawo gida yana neman ƙwallonsa.

Da ranar bikin yara ta zo, makaranta ta shirya abinci. Wani dattijo mai suna Don Rigoberto, shugaban iyayen yara, shi ke suya. Layi ya yi tsawo, sai ya fara kwashe kaza da sauri.

Yarinyar ta ɓare cinyar da aka ba ta. Jikin ƙashin jajir yake.

Ta tsaya a gaban tebur, ta buɗe hannuwa.

"Kada kowa ya ci! Ba ta nuna ba."

Yara suka hau ihu. "Matsa mana! Yunwa muke ji!"

Don Rigoberto ya ɗaga cokali. "Ke 'yar nan, tun ba a haifi uwarki ba nake soya kaza."

"Na sani, Baba. Amma wannan dai ba ta soyu ba. Ni kuwa ba inda za ni."

Malama Zoraida ta zo, ta duba naman. Ta ce, "Gaskiyarta. A mayar da ita cikin mai."

Don Rigoberto ya sosa ƙeya, sannan ya fashe da dariya. "To, ranki ya daɗe, duba-gari! Zo ki tsaya nan ki duba mini."

Aka sake soya kazar har ta yi fari ciki. Kowa ya ci ya ƙoshi, babu wanda ya kwanta ciwo.

Malama ta ce wa ɗalibai, "A raba ɗanyen nama da sauran abinci, a dafa shi ya nuna sosai. Taurin kai kuma, a kan gaskiya ake yin sa."