Baƙon da Ba Shi da Suna

Dab da magariba manajan masaukin ya kira ni. Ni ne mai kula musu da manhajar rijistar baƙi, aikin da ya rage mini ke nan, ga iyali. Na gaji tilis, amma na tafi.

"Ɗakin ƙarshen baranda ya ƙi karɓar baƙo," in ji shi. "Manhajarka ta ce da mutum a ciki. Ka gyara yau, ko mu nemi wani."

Ya fice ya bar ni a teburin karɓar baƙi. Ban daɗe ba na gano matsalar. Idan baƙo ya tashi, kamata ya yi gurbin sunansa a rumbun bayanai ya koma nol, wato babu kowa. To mai karɓar baƙin, sarkin gaggawa, goge sunan kawai yake yi ya danna ajiye. Sai manhajar ta adana rubutun da babu ko harafi a cikinsa, ta ɗauka akwai baƙo, suna ne dai ba shi da shi. An yi watanni a haka.

Na mayar da gurbin nol. Ban kai ga danna ajiye ba, fanka ta tsaya.

Warin jiƙaƙƙiyar toka ya cika wurin. Wayar teburin ta yi ƙara. Lambar ɗakin ƙarshen barandar ce.

Na ɗauka.

"Bawan Allah," in ji wata murya ƙasa-ƙasa, ita ma a gajiye. "Ku kuka rubuta ni. Yanzu kuma za ka kore ni?"



Can ƙarshen baranda, ƙofa ta buɗe a hankali. Sai jan ƙafa a kan tayil.

"In ka goge ni, a jikinka zan sauka."

Takun ya iso bayana. Numfashi mai sanyi ya taɓa ƙeyata.

Nan take na soke gyaran, na fita da gudu, ko jakata ban ɗauka ba.

Washegari na ce wa manaja ɗakin ba ya gyaruwa. Ya sallame ni, na koma gida ina jin kunyar haɗa ido da matata. Wanda suka ɗauka a madadina kuwa nan take ya gyara shi, har yana yi mini dariya.

Jiya matarsa ta kira ni tana kuka. Yana ci, yana sha, yana zuwa aiki. Amma duk yadda ta kira sunansa, ba ya waiwayowa.