Ƙofofin Mage

Hazon safiya bai gama tashi daga kan tafkin ba. Kerttu tana tsaye a tagar kicin da butar gahawa a hannu, ta ma manta abin da ya sa ta ɗauko ta. Tsibirin da ke tsakiyar ruwa take kallo, inda ƙaramin cocin katako yake leƙowa ta cikin itatuwa. Saura wata biyu a ɗaura aurenta da Aarne a can. Har tana hango kwale-kwalen amarya yana ratsa ruwan a hankali, an lulluɓe shi da ɗanyen ganye.

"Ke amarya! Sai gahawar ta huce za mu sha?"

Goggo Sirkka ce, yayar babanta, wadda ta iso jiya daga birni da jaka cike da takardu. Kerttu ta yi murmushi ta zuba mata, ta zuba wa mahaifinta, Baba Tauno. Shekara huɗu ke nan da rasuwar mahaifiyarta, tun lokacin kuma Baba ya rage magana. Goggo ce ta shawo kansa ya sayar da gidan nan da kakansa ya gina da gumagumai, ya koma kusa da ita. An samu masu saye, wasu ma'aurata masu yara biyu. Abu ɗaya suka nema: rahoton mai duba lafiyar gida.

"Wannan kuma abin damuwa ne?" in ji Goggo. "Ba sana'ar angon namu ba ce? Ya zo ya zagaya, ya ci kifi, ya sa hannu. Suruki ai ɗan gida ne."

Aarne ya iso da hantsi, sanye da kayan aiki, da tocila da na'urar auna danshi. Ya gaida manya cikin ladabi, ya saci kallon Kerttu, ita kuma ta sunkuyar da kai. Ya hau rufi ya sauko yana yabo. Ya leƙa bututun hayaƙi, ya duba wayoyin lantarki, ya ɗebi ruwan rijiya a kwalba. Kerttu tana biye da shi, tana jin daɗin yadda yake shafa bango da tafin hannu kamar mai gaisawa da tsoho.

Da suka zagayo ɓangaren da ke fuskantar tafki sai ya durƙusa. Ya zaro basilla daga aljihu ya caka wa gungumen ƙasa, wanda dukan gidan yake zaune a kansa. Basillar ta nutse har ƙota, kamar a cikin burodi. Ya matsa gaba ya sake cakawa. Haka dai.

A jikin duwatsun harsashi akwai 'yan ƙananan kafofin nan da kowa ke kira ƙofofin mage. Ana toshe su a lokacin kaka don kada sanyi ya ci daɓe, a buɗe su da zarar ƙanƙara ta narke don iska ta busar da ƙarƙashin gida. Ga shi rani ya shigo, amma duk guda shidan a toshe suke da tsummoki.

"Baba," in ji Aarne a hankali, "yaushe rabon da a buɗe waɗannan?"

Baba ya kau da ido daga kafofin. Ya juya yana kallon ruwa. Aarne ya ci gaba da bayani.

"Danshin tafki ya taru a ƙasa, ba shi da hanyar fita. Gungumen ya ruɓe, akwai fumfuna a ƙarƙashin ɗakin kwana. Sai an sa wa gidan takalmi, a ɗaga shi a sauya gungumen ƙasa."

"Takalmi!" Goggo ta tafa hannu. "Har da safa za mu saya masa? Kai yaro, ka rubuta cewa gida tsoho ne amma lafiyarsa lau. Wa zai kwanta a ƙasa yana cake-cake in ba kai ba?"

"Goggo, yara biyu ne za su kwana a ɗakin nan."

"Ka ji mini ɗan nan! Ba a ba ka 'yar ba tukuna, har ka fara yi mana wa'azi?"

Sai a lokacin Baba ya juyo. Fuskarsa ta yi ja.

"A gidan nan aka haife ni. Ba wanda zai rubuta a takarda cewa na bar shi ya ruɓe. In ka rubuta, ko gadar katakon da nake ɗaure kwale-kwalena kada ka sake takawa. Maganar aure kuma ka manta da ita."

Kerttu ta bi Aarne har bakin mota, hawaye na zuba.

"Layi ɗaya ne fa, Aarne! Ba za ka iya sassauta layi ɗaya saboda ni ba?"

"In na sassauta, wane irin miji za ki samu?"

"Mijin da zan samu, ba wanda zan rasa ba!"

Aarne ya buɗe ƙofar motar. Ya ce, "Zan jira, Kerttu. Ko shekara nawa ne." Ya shiga mota ya tafi.

Rahoton ya fita yadda Aarne ya gani. Masu saye suka janye, Goggo ta koma birni cikin fushi, aka sanar da fasto an ɗage biki. Ƙawayen Kerttu suka dame ta a waya.

"Ke dalla, wane zamani muke? Ki haɗa kayanki ki bi masoyinki, ku je rajista ku sa hannu, shi ke nan!"

Ta ce musu ba za ta bar Baba shi kaɗai da fushinsa ba. Ta ci gaba da zuwa aikinta a makarantar yara, ta dawo ta dafa masa dankali da kifi, ta hura masa wutar sauna, ɗakin wankan tururi, ranar Asabar. Ranar da ya kamata a ɗaura auren ta tuƙa kwale-kwale ita kaɗai har kusa da tsibirin. Ta ajiye filafili, ta bar ruwa yana juya ta, tana kallon gajimare a sama da wani gajimaren a cikin ruwa. Fushinta da Aarne ya riga ya huce. Ta gane cewa abin da ya ɓata mata rai a wurinsa shi ne abin da ya sa ta so shi tun farko.

Wata rana da yamma ta durƙusa a gefen gida, ta kama tsumman ƙofar mage ta farko za ta zare. Sai ta tsaya. Yadi ne shuɗi mai fararen furanni. Ta san shi, tsohuwar rigar kicin ɗin mahaifiyarta ce.

"Bar shi." Baba ne a bayanta.

"Baba... Inna ce ta toshe su?"

Ya zauna a kan dutse.

"Ita ke toshewa, ita ke buɗewa, shekara talatin. A lokacin kaka na ƙarshe da ta gani ta toshe su da hannunta, ta ce mini in ƙanƙara ta narke za ta buɗe. Ba ta ga narkewar ba. Duk shekara nakan zo nan in durƙusa, sai in kasa cire abin da hannunta ya sa." Ya share fuska. "Na sani, 'yar nan. Tun bara nake jin warin a ɗaki. Yaron bai faɗi komai ba sai abin da nake ɓoye wa kaina."

Kerttu ta riƙe hannunsa, suka yi kuka tare. Daga baya ta ce, "Mu cire tare, Baba. Zan wanke su in ajiye mana."

Suka bi kafofin ɗaya bayan ɗaya. Da suka buɗe ta shida, iska ta shiga ta wannan gefe ta fita ta wancan, ɗauke da wari mai nauyi na shekara huɗu.

"Kira mini mai taurin kan nan," in ji Baba. "Ki ce ya zo da jak ɗin ɗaga gida."

Aka kira gayya. Maƙwabta suka zo, wasu ta hanya wasu ta ruwa, da gatura da tukwanen miyar kifi. Aka jera jak, aka ɗaga gidan kaɗan-kaɗan, yana ƙara kamar tsohon da ke miƙewa daga kujera. Baba da Aarne suka kama bakin sabon gungume ɗaya har ya zauna daram. Goggo ma ta zo, wai don ta ga ɓarnar da za a yi, amma ita ta fi kowa rabon gahawa.

"To, sai a sake neman masu saye," in ji ta.

"Wa ke sayar da gida da sabon takalmi?" in ji Baba. "Akwai masu shiga, ga amarya ga ango." Ya juya ga Aarne a gaban jama'a. "Na nemi ka yi ƙarya saboda ni, ka ƙi. Yanzu na san ba za ka yi wa 'yata ba. Ka yafe mini, ɗana."

Aarne ya cire hula, ya kama hannun Baba. Kerttu ta ɓoye fuska a kafaɗar Goggo, wadda take cewa, "Ke tafi can, za ki jiƙa mini riga!" alhali ita ma idonta ya cika.

An ɗaura auren da kaka, lokacin da ganye ya koma ruwan zinariya. Kerttu ba ta guje wa mahaifinta ba, ba ta kuma saki masoyinta ba, haƙuri ya bar mata su duka biyun. Wanda ya ƙi ɓoye aibi don a so shi, shi ne ya cancanci a ba shi amana. Gaskiyarsa takan yi ciwo a ranar farko, amma a kanta ake iya zaunar da aure ya daɗe.