Hoton Jessie

Ina shiga zauren na hango gurbin hoton babu komai sai ƙusa.

Jiya da hannuna na rataye shi a nan. Hoton Jessie ne, mahaifiyar kakata, tana tsaye a ƙofar masana'antar ƙera jiragen ruwa rungume da jariri, shekarar da mai masana'antar, tsoho Dalgety, ya rufe wa ma'aikata ƙofa a tsakiyar hunturu. Jaririn bai ga ƙarshen sanyin ba.

Ga shi mutane sun fara shigowa suna kakkaɓe lema. Yau ce ranar da ake buɗe tsofaffin gine-ginen Glasgow kowa ya shiga, kuma wannan baje kolin tarihin unguwarmu Govan, ni da Struan muka shekara muna haɗa shi.

Struan...

Duk Asabar nakan zagaya da mutane cikin unguwa ina ba su labarinta. A nan na fara ganinsa, da gogensa rataye a baya. Ya dawo, ya sake dawowa, har na tambaye shi ko kunnensa ne ba ya riƙe magana. Ya ce kunne lafiya lau, ido ne ya ƙi ƙoshi. Sai da na yi nisa a sonsa ya faɗa min cewa shi jikan jikan Dalgety ne.

Da maganar aure ta taso, kakata Nan ta ce ba da ranta ba. Ya yi ta zuwa yana goga mata kiɗan zamanin ƙuruciyarta, ita kuwa tana ba shi shayin da ya huce don mugunta, har dai ta sauko ya sa min zobe.

Mahaifiyarsa ce ba ta taɓa saukowa ba. Zauren nasu ne, aro ta ba mu da ƙyar.

Na same shi a bayan dandamali yana ɗaure tsirkiyar goge. Bai iya kallona ba. Ya ce Morven, 'yar kwamitin bikin buɗe gine-ginen da ta daɗe tana bibiyarsa tun suna jami'a, ita ta kawo mahaifiyarsa jiya da yamma bayan na tafi, ta kai ta har gaban hoton, ta karanta mata bayanin da ke ƙasa. Uwar ta ce ko a sauke shi, ko ta kulle zauren, kuma kada ya sa ran ganinta a bikin aurenmu.

"Morven ce ta cire?"

Ya ci gaba da ɗaure tsirkiyar.

"Struan, wa ya cire?"

"Ni ne, Ailsa..." Ya ajiye gogen. "Kwana biyu ne kawai, masoyiyata. Yana cikin motata, babu abin da ya same shi. Ana gama baje kolin zan rataye miki shi a ɗakinmu."

"A ɗakinmu? Ai a ɗaki ya yi shekara ɗari."

Ya ce shi fa don mu ya yi, ba ya so ya rasa uwarsa, ba ya so ya rasa ni. Na yarda da shi. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Kafin in ba shi amsa na ji ana ba da hanya. Kakata Nan ce, ta dogara sandarta, sanye da rigar da sai zuwa coci take fito da ita. Tun mako guda take gaya wa maƙwabta za ta je ta ga uwarta a bangon zauren gidan Dalgety.

Ta bi bangon hoto bayan hoto. Ta tsaya a gaban ƙusar.

Ta daɗe a nan.

Sannan ta juyo ta dubi Struan. Ba ta zage shi ba, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Ailsa, kai ni gida."

Na zare zoben na sa masa a tafin hannu. Ya riƙe yatsuna yana kuka, yana cewa yanzun nan zai ɗauko ya mayar, a gaban kowa. Wataƙila da ya mayar ɗin. Amma na riga na ga abin da yake yi idan ba na nan.

Hoton kawai na karɓa.

A cikin bas Nan ta ɗora shi a cinya, ta lulluɓe shi da mayafin wuyanta saboda ruwa. Ina ta jira ta ce ai ta gaya min.

Sai da muka kusa sauka ta kama hannuna, idonta a kan taga.

"Kin san abin da ya fi min ciwo, 'yar nan?" ta ce a hankali. "Na fara son yaron."