Tsanin da Malam Ke Hawa

Ni ba na son wargi, kowa a layinmu na Ammariyya ya sani. Ranar da surukina Rafi'u ya shigo da tsohuwar talabijin, wai uban gidansa na unguwar Abhur ne ya yar, sai na ce ya mayar.

"Halas, bar zancen, Inna, don Malam na kawo. Shekara biyu yana kallon bango."

Gaskiya ne. Tun da ɓarin jikin mijina ya shanye bai taka ba, bai yi magana ba. Na ƙyale.

Abu ɗaya akwatin ke nunawa: tsohon fim na Turawa, baƙi da fari. Wasu masu fenti suna marin juna, su faɗo daga tsani, su miƙe garau. Wai abin dariya.

Ranar Talata dab da magariba na fita sayen burodin tamis. Ina dawowa, tun daga matakala na jiyo dariya. Muryar Malam ce, amma ban yi murna ba. Dariyar ba ta tsayawa shan iska.

Ɗakin yana warin ɗanyen fenti.

Aka yi mari a fim. Tas! Kan Malam ya juya bisa matashi, shatin yatsu ya fito a kumatunsa.

Na fizge waya daga bango. Fim bai tsaya ba.

"Malam," na ce ƙasa-ƙasa. "Yi salati."

Dariyar ta yanke. Idanunsa a buɗe, babu kowa a ciki.

Na dubi gilashin. Masu fenti sun ƙaru da ɗaya, mai jallabiya, yana hawa tsani da ƙafafunsa biyu. Ya waiwayo. Malam ne. Leɓensa na kiran sunana, amma ƙarar usur ke fita.

Wani mai gashin baki ya janye tsanin.

A kan gado, ƙashin ƙafarsa ya ce ƙas.

Sai mai gashin bakin ya dube ni. Ya cire hula, ya rusuna. Ya saɓi dogon katako, ya juya.

Na zube ƙasa. Iskar katakon ta tafi da ɗankwalina.

Da rarrafe na fita, aya na sarƙewa a bakina.

Asibiti ba namu ba ne, ba mu da iƙama, takardar zama a ƙasar nan. Maɗori ya zo daga Madain Fahd ya ɗaure ƙafar, washegari hannu ya karye. Mai ruƙiyya ya zo, ya fita yana dariya har da hawaye, bai sake dawowa ba.

Rafi'u ya shigo da guduma. Na tare ƙofa.

"In ka fasa, ta ina zai fito?"

Ya sauke hannu.

Na lulluɓe akwatin da bargo, don ba zan iya kallo ba. Kullum in rana ta faɗi, sai in jiƙa tsumma a ruwan ɗumi, in zauna gefen gado, ina jiran marin farko.